Kwanan Daji, Daga Gundumi Zuwa Tantin Masu Kuɗi

Mu da muka tashi a Dinawa mun san sunan Gundumi tun kafin mu san inda yake. Dajin ne da ya shimfiɗu gabas da Wurno da Rabah, ya miƙe har wajen Isa, kuma a bakin tsofaffinmu ba wurin kwana ba ne. Fatake kan cika salkuna, madugu ya ƙidaya jakai, a shiga da rana tsaka, ba a sauke kaya sai an ga bayan dajin. Shi ya sa labarin mutanen da ke biyan dala ɗaruruwa don su kwana dare ɗaya cikin tanti, zaki na ruri a kusa, yake ba dattawanmu dariya. Ni dai na fi son in bi sawun al'adar, domin ƙasarmu tana da nata kaso a ciki.

A watan Maris na 1824 Hugh Clapperton ya ratsa Gundumi zuwa Sakkwato. Bai yi gangancin shiga shi kaɗai ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya aika masa mahaya 150 su rako shi, saboda Gobirawan da ba su miƙa wuya ba suna tare ayari a can. Ƙishirwa ma abokiyar gaba ce, don rijiyoyin hanyar tsakaninsu da nisa. Shekara 29 bayan haka, a 1853, Heinrich Barth, wanda ake kira Abdulkarim, ya bi wannan hanya, ya yi kusan awa 26 yana tafiya ba zango. Da ya fito a galabaice sai ya tarar da sansanin Sarkin Musulmi Aliyu Babba a Gawasu, ana shirin fita yaƙi da Gobirawa. Nan ne ya samu abin da yau za a kira masauƙin alfarma a bakin daji: ruwa, abincin sarki, da dakaru kewaye. Daga nan ya wuce Wurno, ribaɗin da Bello ya kafa kuma aka rufe shi a ciki a 1837. Ita Wurno ɗin ma ai dalilin gina ta ke nan, a samu masu kwana da makami a bakin iyaka don na bayansu su yi barci.

Da Turawa suka ci Sakkwato a 1903 sai kwanan daji ya sake kama. Di'o ya fita rangadi da gadon naɗi, gidan sauro, bahon tamfol, tebur da kujera, ga kuku ga boyi, ga jerin 'yan dako ɗauke da akwatuna a ka. A manyan ƙauyuka an gina bariki, inda babu kuma a kafa tanti ƙarƙashin tsamiya. Wanda ya karanta labarin daga bakin Baturen zai ji daɗinsa: shayi da la'asar, harbin agwagin ruwa a fadamar Rima, fitila da dare. Na ji nawa labarin daga bakin kakana, kuma ƙwai da kaji da itace da ciyawar doki ya fi tunawa, waɗanda mai gari ke bi gida gida yana karɓa. Jin daɗin baƙo a daji bai taɓa zama kyauta ba, akwai wanda ya sunkuya ya ɗauka.

A Gabashin Afirka ne abin ya zama sana'a. A 1909 tsohon shugaban Amurka Theodore Roosevelt ya sauka Kenya da ɗaruruwan 'yan dako, shi da ɗansa suka harbe manyan dabbobi fiye da 500, attajirai kuwa suka bi sahu. Da Kenya ta hana farauta a 1977, kyamara ta gaji bindiga, amma aka bar tantin yadda yake, da gadon katako da fitilar ƙwai, don baƙo ya ji kamar yana zamanin da. Zamanin mulkin mallaka ake sayar masa, an cire bulala.

Najeriya ba ta bi wannan hanya ba. Yankari ta Bauchi, da aka keɓe a 1956 aka buɗe wa jama'a a 1962, ɗakunan bulo aka gina mata kusa da ruwan Wikki mai ɗumin digiri 31. Ban ga laifin haka ba. Bahaushen da ya tara kuɗin hutu ba zai ba da su don ya kwana a tamfol ba, yana ganin ƙasƙanci ne. A wajenmu kuwa gandun daji aka yi, ana lissafin itace, ba wanda ya lissafa gwanki da barewa har suka ƙare. Yau masu kwana a Gundumi 'yan bindiga ne, kuma direban da zai je Isa ya gwammace ya zagaya ta Goronyo da Sabon Birni da ya bi ta Marnona.

Tantin alfarma mafi kusa da yanayinmu yana Chadi, a gandun dabbobi na Zakouma da aka kafa a 1963. Ana kiran masauƙin Camp Nomade, tantuna takwas ne da aka yi wa fasalin rugar makiyaya, da tabarmi da dardumai. Da rani kawai ake kafa shi, don damina na zuwa ruwa ke cinye filin, sai a naɗe komai. Baƙo na zaune ɓauna da raƙumin dawa na zuwa mashaya a gabansa. Amma a duba abin da ya sa hakan ta yiwu. A farkon shekarun 2000 giwayen Zakouma sun kai 4,000, zuwa 2010 mafarautan haure sun mayar da su kusan 450. A shekarar ce gwamnatin Chadi ta damƙa wa ƙungiyar African Parks riƙon dajin, aka horar da masu gadi, wasu a kan dawakai, aka haɗa ƙauyukan kewaye da rediyon oba-oba. A Satumban 2012 mafarauta suka far wa masu gadi a wani wuri da ake kira Heban suna sallar asuba, aka rasa shida. Sai bayan wannan giwaye suka koma haihuwa, aka samu zarafin shimfiɗa wa baƙo darduma, daga baya kuma giwayen suka sake haura 500. Kuɗin da yake biya, kamar mahayan Bello, na rakiya ne, abinci da gado ƙari ne kawai.

Nijar ta gwada nata yawon buɗe idon da gandun dabbobi na W da raƙuman dawa na Kure, tafiyar awa guda daga Yamai, inda matasan ƙauyuka suka samu abin yi da jagorancin baƙi. Ran 9 ga Agusta 2020 'yan bindiga a kan babura suka kashe Faransawa shida ma'aikatan agaji a can, tare da direbansu da jagoransu. Kafin mako ya zagayo Faransa ta gargaɗi 'yan ƙasarta da su ƙaurace wa duk faɗin Nijar in ban da birnin Yamai.