Kaburburan Gimi: Begen Tashin Matattu a Sujadar Kiristocin Hausawa na Farko

Tsakure

Maƙalar ta sake duba dalilin da ya riƙe Isawan da suka karɓi Kiristanci a ƙasar Zazzau bayan annobar ciwon barci ta tarwatsa ƙauyensu na Gimi. Ta nuna cewa magani da boko ba su isa hujja ba, sai an haɗa da abin da suke furtawa kullum a sujada game da tashin matattu.

Gabatarwa da Bita

Ra'ayin da ya fi yawo a azuzuwan tarihi shi ne, Bahaushe bai bi 'yan mishan ba sai don allura da makaranta. E. P. T. Crampton ya jera tarihin tashoshin mishan na Arewa. Ian Linden ya bi sawun Isawa tun daga Malam Ibrahim, wanda aka kashe a Kano zamanin Sarki Abdullahi Maje Ƙarofi saboda matsayin da ya ba Annabi Isa, har mabiyansa suka watsu wajen Ningi da gabashin Zazzau.

Inda muka fi tsayawa shi ne littafin Shobana Shankar na 2014. Ta nuna yadda asibitocin kutare irin su Yadakunya da Babbar Ruga da Amanawa suka zama ƙofar shiga sabon addini, kuma ba mu musa wannan ba. Sai dai masu ɗaukar hujjarta sukan miƙe da ita fiye da inda ta tsaya, su mai da kowane mai bi majinyaci ko mai neman aikin albashi. Sukan kawo misalin Farfesa Ishaya Audu, wanda ya yi karatu a Wusasa, ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. To, amma wannan riba ce da ta zo wa 'ya'ya da jikoki. Ba ta bayyana abin da ya tsai da iyayen a lokacin da ba a ga alamar riba ba.

Hanyar Bincike

An karanta ayyukan da aka ambata, aka gwada su da tsarin addu'a da na jana'iza na ɗariƙar Angilika.

Sakamako

A 1913 wasu Isawa suka je wurin Likita Walter Miller, ɗan mishan na Angilika, a birnin Zariya. Daga nan aka kafa Gimi, aka ɗora W. A. Thompson, baƙar fata daga tsibiran Karebiyan, ya kula da ita. Ba a daɗe ba ƙudan tsando ya shigo da ciwon barci. Mutum ya fara da zazzaɓi da kaluluwa a wuya, ya koma gyangyaɗi da rana tsaka, tuwo a gabansa, har rai ya yi halinsa. Maganin mishan bai tsai da cutar ba. Da allura ce ta kawo su, nan ne wurin juyawa, ga dangi Musulmi a kusa. Duk da haka waɗanda suka tsira suka koma Zariya a matsayin masu bi, zuriyarsu na cikin waɗanda suka zauna Wusasa, inda aka gina majami'ar St Bartholomew da ƙasa, ginin Hausawa, a 1929.

Me suka riƙe? Cikakken Littafi Mai Tsarki na Hausa bai fito ba sai 1932, saboda haka akasarin koyarwar ta kunne ta shiga. A tsarin Angilika, safe da yamma jama'a kan miƙe su furta shaidar bangaskiya, wadda ke ƙarewa da tashin jiki da rai madawwami. A jana'iza kuma akan karanta sura ta 15 ta wasiƙar Bulus ta fari ga Korantiyawa, mai kwatanta gawa da irin da aka binne domin ya tsiro. Manomin alkama, da ke zuba iri cikin sanyin Nuwamba ya yi girbi wajen Maris, dab da bikin Ista, ba ya bukatar a yi masa sharhin wannan.

Tashin ƙiyama ba baƙon zance ba ne ga Isawa, almajiran Alƙur'ani ne, kuma sun daɗe suna jiran dawowar Isa. Sabon abu shi ne cewa wanda suke jira ya ɗanɗani mutuwa, an sa shi a kabari, ya tashi. A nan tawali'u ya shigo. A koyarwar Kirista, ƙasƙantar da kai har mutuwa shi ne ya riga ɗaukaka, don haka yawan kaburbura bai zama shaidar cewa Allah ya juya wa ƙauyen baya ba. Malamin da ya ajiye girmansa ya zauna koyon baƙaƙen boko tare da yara, ya kuma binne 'ya'yansa, yana da inda zai ajiye asararsa cikin labarin da yake ji kowace Lahadi.

Iyakar Binciken

Dole a yarda cewa yawancin bayanan Gimi 'yan mishan ne suka rubuta, domin masu ba su kuɗi a Ingila, kuma muryar mata ba ta fito a cikinsu ba. Haka nan abin da baki ya furta a majami'a ba awon zuciya ba ne. Ikkilisiyoyin Maguzawa na kudancin Kano, irin na Gani da Karefa, ta hannun wata ƙungiyar mishan mai suna SIM suka zo, da wani tsarin sujada dabam, don haka sai an yi musu nasu binciken kafin a ɗora musu wannan sakamako.