Dabarun kasuwancin Google da sukar da ake yi masa

Google kamfanin fasahar intanet ne na ƙasar Amurka, wanda Larry Page da Sergey Brin suka kafa a watan Satumba na shekarar 1998, lokacin suna ɗaliban digiri na uku a Jami'ar Stanford. Hedikwatarsa tana Mountain View a jihar Kaliforniya, kuma tun shekarar 2015 yana ƙarƙashin babban kamfani mai suna Alphabet. Kusan kashi 90 cikin 100 na binciken da ake yi a intanet a faɗin duniya ta injin Google ake yin sa. Wannan rinjaye shi ne tushen arzikin kamfanin, kuma daga gare shi ne mafi yawan ƙorafe-ƙorafen gwamnatoci da kotuna da ma'aikatansa suka samo asali.

Hanyar samun kuɗi

Mai bincike a Google ba ya biyan ko sisi, masu talla ne ke biya. Kamfanin ya ƙaddamar da tsarin tallansa na AdWords a shekarar 2000, kuma daga 2002 ya mayar da shi gwanjo: 'yan kasuwa suna taya kalmomin da mutane ke nema, sannan su biya duk lokacin da wani ya latsa tallarsu. Wanda ya rubuta sunan wata haja ya riga ya nuna abin da yake so, shi ya sa irin wannan talla take da tsada. A shekarar 2023 Alphabet ya samu kuɗin shiga dala biliyan 307, kuma fiye da kashi uku cikin huɗu daga talla suka fito.

Yawan masu bincike yana ba kamfanin bayanan da yake gyara sakamakon bincike da su, sakamako mai kyau kuma yana ƙara jawo mutane da masu talla. Sabon kamfani da ba shi da wannan tarin bayanai yana shan wahala kafin ya yi gogayya da shi.

Riƙe hanyoyin shiga intanet

Dabara ta biyu ita ce mallakar hanyoyin da mutane ke bi su shiga intanet. Google ya sayi Android a 2005, ya sayi YouTube a 2006 kan dala biliyan 1.65, sannan ya kammala sayen kamfanin talla na DoubleClick a 2008 kan dala biliyan 3.1. A shekarar ce kuma ya fitar da burauzar Chrome.

Haka kuma yana biyan masu ƙera waya da masu burauza domin injinsa ya zama wanda mai waya zai tarar an riga an saita masa, tunda yawancin mutane ba sa canza abin da suka tarar. Shaidun da aka gabatar a kotu sun nuna cewa ya kashe dala biliyan 26.3 a kan irin wannan yarjejeniya a 2021, kuma a 2022 kamfanin Apple kaɗai ya karɓi dala biliyan 20.

Shari'o'in babakere

A 2017 Hukumar Tarayyar Turai ta ci Google tarar yuro biliyan 2.42 saboda fifita shafinsa na kwatanta farashin kaya a kan na abokan hamayya a sakamakon bincike. Babbar kotun Tarayyar ta tabbatar da tarar a 2024. A 2018 hukumar ta sake cin sa tarar yuro biliyan 4.34 bisa tilasta wa masu ƙera wayoyin Android su sanya manhajar bincikensa da Chrome kafin a ba su lasisin Play Store. Wata kotu ta ɗan rage adadin a 2022.

A Amurka, Ma'aikatar Shari'a ta shigar da ƙara a watan Oktoban 2020. A watan Agustan 2024 alƙali Amit Mehta ya yanke hukuncin cewa Google ya yi babakere a kasuwar bincike, kuma ya riƙe matsayinsa ta hanyar da ta saɓa wa doka. Kamfanin ya kare kansa da cewa ingancin aikinsa ne ke sa mutane su zaɓe shi. A watan Satumban 2025 alƙalin ya ƙi amincewa da buƙatar gwamnati ta a tilasta masa sayar da Chrome, amma ya hana shi yarjejeniyoyin da ke toshe wa wasu hanya, ya kuma umarce shi ya ba abokan hamayya wasu daga cikin bayanansa.

Sirrin masu amfani

Talla tana dogara da sanin mutum, don haka batun sirri bai rabu da kasuwancin Google ba. A watan Mayun 2014 Kotun Tarayyar Turai ta yanke hukunci, bayan ƙarar wani ɗan ƙasar Sifaniya, cewa mutum yana da ikon neman a cire tsofaffin bayanai a kansa daga sakamakon bincike idan ba su da sauran amfani ga jama'a. A 2019 hukumar kare bayanai ta Faransa ta ci kamfanin tarar yuro miliyan 50 saboda rashin fayyace wa mutane yadda ake amfani da bayanansu wajen talla. A shekarar ce kuma Google da YouTube suka amince su biya dala miliyan 170 a Amurka kan zargin tattara bayanan yara ba da izinin iyayensu ba.

Ƙasar Sin

A watan Janairun 2006 Google ya buɗe shafin bincike na ƙasar Sin, tare da amincewa ya ɓoye sakamakon da gwamnati ta haramta. Hujjarsa ita ce bayani kaɗan ya fi babu. Masu kare haƙƙin ɗan Adam sun ce matakin ya ci karo da taken kamfanin na ƙin aikata sharri. A Janairun 2010 Google ya sanar da cewa an yi masa kutse daga Sin, inda aka nemi shiga akwatunan Gmail na masu fafutuka, kuma a watan Maris ya daina tace sakamakon, ya karkatar da masu bincike zuwa shafinsa na Hong Kong. A 2018 jaridar intanet ta The Intercept ta fallasa wani shirin sirri mai suna Dragonfly na komawa Sin da injin bincike mai tace bayanai. Ma'aikata da dama sun nuna adawa, kuma a 2019 wani jami'in kamfanin ya shaida wa Majalisar Dattawan Amurka cewa an soke shirin.

Ma'aikata da aikin soja

A 2018 ma'aikatan Google fiye da 3,000 sun sa hannu a wasiƙar ƙin amincewa da shirin Maven, wata kwangila da Ma'aikatar Tsaron Amurka wadda ake amfani da ƙirƙirarriyar basira a cikinta wajen tantance hotunan da jirage marasa matuƙa ke ɗauka. Kamfanin bai sabunta kwangilar ba, kuma shugabansa Sundar Pichai ya fitar da ƙa'idojin da suka haɗa da alƙawarin ƙin ƙera wannan fasaha domin makamai. A watan Fabrairun 2025 Google ya cire wannan alƙawari daga cikin ƙa'idojinsa.