Adaka a Hannun Talaka: Yadda Rigimar Bindiga ta Iso Nasko

A watan Maris na 2022 'yan bindiga suka auka wa Nasko, hedikwatar ƙaramar hukumar Magama a masarautar Kontagora ta jihar Neja. Da ƙura ta lafa, cikin waɗanda aka rasa akwai baturen 'yan sandan garin da 'yan sanda biyu da 'yan banga huɗu. Ukun farko su ne doka ta yarje wa riƙe bindigar yaƙi. Huɗun, iyakar abin da doka za ta iya bari a hannunsu shi ne adaka ko bindigar farauta. Waɗanda suka kashe su kuwa ba su taɓa zuwa ofishin kowa neman lasisi ba. Kwanaki kaɗan kafin nan, a maƙwabciyar ƙasar Zuru ta jihar Kebbi, an yi wa 'yan sa-kai kwanton ɓauna a yankin Sakaba, aka kashe fiye da 60 a rana guda. Tun daga lokacin, duk majalisar da aka zauna a Nasko ko Ibeto ko Salka ko Auna, da wuya a tashi ba a taɓo tambayar nan ba: shin a bar wa talaka bindiga ya tsare gidansa, ko a'a?

Tambayar ta girmi duk masu yin ta. A 1859 Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya sami sarautar Sarkin Sudan daga Sakkwato, a 1864 kuma ya kafa Kontagora. Ƙarfin gidansa doki ne da mashi da takobi, sai bindigogin da ke haurowa daga bakin teku ta ƙasar Nufe, inda Etsu Masaba na Bida ya kame cinikinsu da Turawan jirgin ruwa. Kambari da Dukawa da Kamuku da ke noma a wannan daji kwari da baka suka dogara da su, da ganuwa, da gudu kan duwatsu in abin ya fi ƙarfinsu. Hare-haren kamun bayi na wancan zamani, musamman a mulkin Ibrahim Nagwamatse, sun bar kufai da yawa a ƙasar. Manomin wannan yanki ya daɗe da sanin abin da ke faruwa idan mai zuwa daga daji ya fi shi makami.

Dokar farko da ta raba wa mutanen nan bindiga gida biyu ba a ƙasarsu aka yi ta ba. A 1890 ƙasashen Turai suka zauna a birnin Brussels na Beljiyam, suka amince a hana shigo da bindigogin zamani yawancin Afirka, a bar wa baƙar fata bindiga mai ƙanƙara da albarushin kasuwa. An ce don a kashe cinikin bayi ne, kuma akwai gaskiya a ciki. Amma shekara goma sha ɗaya bayan haka, a Janairun 1901, da sojojin Lugga suka tunkari Kontagora da bindiga mai jigida da igwa, an ga ɗayan amfanin dokar. Garin ya faɗi, Sarki Ibrahim ya gudu, aka kamo shi, daga baya Turawa suka mai da shi gadonsa a 1903, a matsayin sarki mai karɓar haraji wanda ba shi da rundunar kansa.

Daga nan aka ƙulla wata yarjejeniya da ba a rubuta ba, wadda kowa ya gane ta. Hukuma ta ɗauki bindigar zamani, ta ɗauki alhakin tsaro tare da ita. Talaka ya riƙe adakarsa don gada da gwanki da birin da ke ɓarna a gona, da harbin murna ranar hawan salla. Maƙeri ya ci gaba da gyara kunama, maharbi ya ci gaba da ɗura albarushi ta baki yana dannawa da sanda. Ba a yi wannan tsari don son talaka ba, amma dai hare-hare sun tsaya, mutane suka sauko daga duwatsu suka kafa ƙauyuka a fili kusa da gonakinsu.

Dokar bindigogi ta 1959, wadda aka yi shekara guda kafin 'yancin kai kuma ita ce ke aiki har yau, wannan tsohon rabo ta zuba a takarda. Ta kasa bindigogi uku. Na yaƙi haramtattu ne, shugaban ƙasa kaɗai ke iya ba da izininsu, wanda aka kama da su kuma ɗaurinsa ba ya gaza shekara goma. Bindigogin farauta lasisinsu na hannun sufeto janar na 'yan sanda. Adaka da danginta, masu ɗuri ta baki, an bar su ga kwamishinan 'yan sandan jiha. Wanda bai kai shekara 17 ba, ko mai taɓin hankali, ko wanda aka taɓa ɗaurewa kan laifin tashin hankali a 'yan shekarun baya, ba a ba shi. Bayan yaƙin basasa, da makamai suka bazu fashi ya yawaita, gwamnatin Gowon ta kafa dokar fashi da makami a 1970 mai hukuncin kisa, gwamnatin Buhari ta soja ta sabunta ta a 1984.

Masu karatun jarida kan kwatanta mu da Amurka, amma tushen ba ɗaya ba ne. Can, gyara na biyu da aka yi wa tsarin mulkinsu a 1791 ya ambaci 'yancin riƙe makami, kotun ƙolinsu kuma ta tabbatar a 2008 cewa haƙƙin mutum ne a kan kansa. Rigimarsu ita ce yaya za a rage wannan haƙƙi. Tsarin mulkin Najeriya na 1999 bai san irin wannan haƙƙi ba. Sashe na 33 ya yarda mutum ya kare ransa da dukiyarsa, amma bai ce da me ba. Makamai da harsasai suna cikin jerin abubuwan da tarayya kaɗai ke yi wa doka, sashe na 214 kuma ya ce rundunar 'yan sanda ɗaya ce tak a ƙasar. Ko gwamna, da duk jiniyarsa, ba ya iya ba mai gadin gidansa izinin AK-47. Abin ban mamaki ga Nasko shi ne garin ya san soja sosai: shi ya haifi Janar Gado Nasko, wanda ya mulki jihar Sakkwato daga 1978 zuwa 1979 ya kuma riƙe muƙamin ministan Abuja, ga barikin Nagwamatse nan a Kontagora. Kusancin bariki bai hana abin da ya faru a 2022 ba.

Yarjejeniyar nan da ba a rubuta ba ta fara tsinkewa ne daga ɓangaren hukuma. ECOWAS ta dakatar da cinikin ƙananan makamai a taron Abuja na 1998, ta mai da shi yarjejeniya a 2006, amma faɗuwar Gaddafi a 2011 ta buɗe rumbunan makaman Libiya, kaya suka gangaro ta Agadas zuwa dazukan Zamfara. Satar shanu ta rikiɗe ta zama garkuwa da mutane, kuɗin fansa ya sayo ƙarin bindigogi, bindigogin suka kawo ƙarin kuɗin fansa. Daga Zamfara da Birnin Gwari dabar ta malalo Mariga da Rafi da Rijau da Magama. A 17 ga Fabrairun 2021 aka kwashe ɗalibai da ma'aikata a makarantar kimiyya ta Kagara. A ƙarshen Mayun shekarar aka kwashe yara fiye da ɗari a Islamiyyar Salihu Tanko ta Tegina, suka shafe kusan wata uku a daji.

A cikin wannan hali manya suka fara faɗin abin da a da ba a faɗa. Janar T. Y. Ɗanjuma yana cikin na farko, a Jalingo cikin Maris na 2018, inda ya ce wa jama'a su tashi su kare kansu. A daidai lokacin kuwa sufeto janar Ibrahim Idris, ɗan jihar Neja, yana umartar kwamishinoninsa su tattaro haramtattun bindigogi daga hannun mutane har da 'yan banga. A 2021 Gwamna Masari na Katsina ya shawarci mutanensa su nemi makami. Gwamna Abubakar Sani Bello na Neja, shi kansa ɗan Kontagora, ya karkata ga ƙarfafa 'yan banga da bindigogin farauta. Gwamna Bala Mohammed na Bauchi ya jawo wa kansa surutu da ya ce makiyayi ma don kare kansa da shanunsa yake rataya AK-47, makonni kaɗan bayan nan kuma fadar shugaban ƙasa ta ce Buhari ya ba da umarni a harbe duk wanda aka gani da ita a daji. Wanda ya fi kowa nisa shi ne Matawalle na Zamfara: a Yunin 2022 gwamnatinsa ta ce za ta raba fom ɗari biyar ga kowace masarauta cikin 19 domin neman lasisin bindiga. Babban hafsan tsaro Janar Lucky Irabor ya ce gwamna ba shi da wannan iko, 'yan sanda suka ce an daina ba da lasisin ma. Maganar ta mutu a nan.

Hujjar masu son a ba da bindiga gajera ce, kuma mai nauyi. Dokar, in ji su, mai bin doka kaɗai take kamawa. Ɗan sa-kai da adaka yakan harba sau ɗaya ya tsaya ɗuri, abokin karawarsa yana da harsashi talatin a gida guda. Malamai ma ba su yi saɓani ba cewa shari'a ta halatta wa mutum tunkuɗe wanda ya zo wa ransa da iyalinsa.

Ɗaya ɓangaren kuma ba matsorata ba ne, sun ga abin da suka gani. Kowa a ƙasar Zamfara ya san cewa kisan da wasu 'yan sa-kai suka riƙa yi wa Fulani a kasuwanni, ba alƙali ba shaida, yana cikin abin da ya tura samarin ruga daji. A Oktoban 2021 an kashe Fulani a kasuwar Mamande ta jihar Sakkwato, ba a jima ba aka buɗe wuta a kasuwar Goronyo aka kashe fiye da mutum 40, har Gwamna Tambuwal ya haramta ƙungiyar sa-kai. Ƙasa irin Magama, inda Bakambare da Bahaushe da Bafulatani ke cin kasuwa ɗaya, Musulmi da Kirista ke noma gefe da gefe, rikicin iyakar gona da a da ake ƙarewa da sanda a gaban hakimi zai iya ƙarewa da jana'iza. A ganina wannan tsoro yana da tushe, sai dai masu faɗinsa daga Abuja ba sa kwana a ƙauyen da ake kai wa hari, shi ya sa maganarsu ba ta shiga kunnen manomi.

Abin da gwamnatoci suka koma yi shi ne bin tsakiya: bindiga a hannun jama'a, amma cikin kaki da rajista da albashi. Katsina ta ƙaddamar da rundunar tsaronta ta al'umma a Oktoban 2023, Zamfara ta fito da Askarawa a Janairun 2024. Tarayya kuma ta kafa cibiyar hana bazuwar ƙananan makamai a 2021 ƙarƙashin mai ba shugaban ƙasa shawara kan tsaro, Tinubu ya sa hannu a dokarta a 2024. Jerin nan uku na 1959 dai bai motsa ba. A Nuwamban 2025 'yan bindiga suka shiga makarantar St. Mary da ke Papiri a ƙaramar hukumar Agwara, tsallaken kogin Kwara daga Magama, suka tafi da yara fiye da ɗari biyu, gwamnatin Gwamna Bago ta rufe makarantun jihar Neja. A ƙauyukan Nasko, mai fita sintirin dare har yanzu da tocila yake fita, da layunsa, da irin bindigar da taron Brussels ya yarje wa kakan kakansa.