Daga azara zuwa kankare marar nauyi: yadda rufin ɗaki ya sauya a ƙasar Katsina

A ƙauyukan Batsari da Safana, irin su Yasore, tayar da bango bai cika gagarar mai gida ba. Ƙasa tana nan, ga ciyawa, ga 'yan uwa da za su taya curin tubali. Inda aiki yake cijewa shi ne rufi, kuma haka abin yake tun zamanin kakanni.

Dalilin na kimiyya ne. Busasshiyar ƙasa tana jure danni, amma ba ta jure ja. Ka ɗora mata kaya za ta ɗauka. Ka shimfiɗa ta a sarari tsakanin bango biyu sai ta tsage ta rufto. Itace kuwa yana jure ja. Shi ya sa magina suka haɗa su: azara ta ɗauki nauyi, ƙasa ta rufe. Aikin da rodi yake yi a cikin dakin na siminti a yau, shi azara ta daɗe tana yi a cikin soro.

Daga gangar giginya ake tsaga azara, kuma magina sun fi son namijin. Zarenta yana da tauri ƙwarai, gara ba ta cika iya mata ba. Sai dai tana da iyaka: in tazarar da za ta ratsa ta wuce kamar mita 2, nauyin ƙasar da ke kanta zai lanƙwasa ta. Ka ga dalilin da ya sa ɗakunan da suke ƙuntace, wato giginya ce take yanke faɗin ɗaki. Gwanayen magina sun kauce wa wannan ta hanyar jera azara hawa-hawa daga bango, kowace ta ɗan zarce ta ƙasanta, a ɗaure, a lulluɓe da ƙasa har ta zama baka. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a shekarun 1830. Sama kuma a shafe da makuba, wadda ake samu daga ɓawon ɗorawa, a saka indararo don kada ruwa ya kwanta.

Bayan jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, kwano da siminti da katakon kudu suka fara shigowa, da farko gidajen Turawa da kantuna, daga baya gidajen masu hali. Masana'antar siminti ta Kalambaina a Sakkwato ta fara aiki a 1967. Kwano ya raba mutane da yaɓen rufi duk shekara da fargabar ruwan Agusta, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Amma ya zo da nasa. Katakon da ake ɗora shi a kai abincin gara ne in ba a shafa masa magani ba, iskar farkon damina tana yaye shi, sannan ga zafi. Soro mai kaurin bango yana shanye zafin rana a hankali, ba ya sakinsa sai dare ya yi. Ɗakin bulo da kwano marar silin kuwa, a watan Afrilu, tanda ne kawai.

Ita ma azarar ta yi wuya. Giginya tana daɗewa kafin ta isa sara, ga muruci da muke ci, wanda shi ne 'yar giginyar tun ba ta fito ba. Dajin Rugu kuma, da ke maƙwabtaka da waɗannan garuruwa, rashin tsaro ya sa shigarsa neman itace ta zama kasada da rai.

To, ina kankare marar nauyi ya shigo? Tunanin tsoho ne. Rumawa sun cuɗa dutsen aman wuta mai ƙofofi a saman ƙubbar Pantheon, mai faɗin mita 43, don rage mata nauyi. Irin na zamani kuwa Johan Axel Eriksson ne ya ƙirƙiro shi a Suwidin a shekarun 1920, aka fara sarrafa shi a masana'anta a 1929. Ana zuba garin alminiyam a kwaɓin siminti da farar ƙasa da yashi, sai iskar haidurojin ta taso, kwaɓin ya kumbura kamar ƙullin waina, sannan a gasa shi da tururi. Kankare na yau da kullum yana kai kilo 2,400 a mita ɗaya tsawo, faɗi da zurfi. Wannan kuwa sau da yawa bai wuce kashi ɗaya cikin huɗu na hakan ba. Iskar da ke cikin ƙofofinsa tana tare zafi, gara ba ta cinsa, wuta ba ta kama shi, har da zarto ana yanka shi.

A ganina, mai gini da kansa a Yasore kada ya ɗauka wannan ya warware masa matsala. Irin gasasshen sai masana'anta, ba a yin sa a tsakar gida. Yana shan ruwa in ba a yi masa filasta mai kyau ba. Sannan, kamar ƙasa, shi ma ba ya jure ja. Zai ba ka bango mai sanyi marar nauyi, amma da ka zo ratsa sarari tsakanin bango biyu, dole ka koma neman rodi, ko katako, ko azara.