Injin wankin mota mai feshi da ƙarfi: wa yake wa amfani, wa yake wa asara?

A gefen titunan Kano da Kaduna da Abuja, wankin mota na daga cikin sana'o'in da matasa ke kamawa da ƙaramin jari. Babbar shawarar da ke gaban mai shiga sana'ar, da ma mai motar da ke son wanke abarsa a gida, ita ce ko ya sayi injin feshin ruwa ko ya tsaya kan bokiti da soso. Amsar ta dogara ne kan abubuwa uku: ruwa, makamashi, da yawan motocin da za a wanke.

Yadda injin yake aiki

Injin famfo ne da ke matse ruwa ya fitar da shi ta ƙaramin rami, wanda wutar lantarki ko fetur ke juya shi. Injiniyan Jamus Alfred Kärcher ne ya ƙera na farko mai ruwan zafi a Turai a shekarar 1950. Ana auna ƙarfinsa da ma'aunin PSI. Ruwan famfon gida bai cika wuce PSI 60 ba, ƙananan injina masu lantarki kuwa sukan kai 1,300 zuwa 2,000, masu fetur kuma sukan haura 2,500. Ga fentin mota, abin da bai wuce 2,000 ba ya wadatar.

Inda yake da amfani

Fa'idarsa ta farko ita ce kare fenti. Ƙurar hunturu da yashin damina tamkar sandar kankara suke: idan aka ɗora musu soso kai tsaye, sai su bar ƙananan zane a jikin mota, waɗanda ke bayyana sosai a baƙin fenti idan rana ta haska. Feshin farko yana kawar da mafi yawan dattin kafin hannu ya taɓa. Haka nan yana kai wa ga lungunan da hannu ba ya isa, kamar ƙarƙashin mota da bayan tayoyi, inda laka ke maƙalewa ta haifar da tsatsa.

Ta biyu ita ce tattalin ruwa. Mesar da aka bari a buɗe tana iya zubar da lita 15 ko fiye a minti ɗaya, ƙaramin inji kuwa kimanin lita 6 zuwa 8. A minti goma, mesa ta cinye jarka shida ta 'yan garuwa, inji kuma kusan uku. Sai dai bokiti ya fi su duka tsimi.

Abin da ba ya iyawa

Inji ba ya maye gurbin hannu. Akwai siririn datti mai haɗe da maiƙo da ke manne wa fenti, wanda sai da sabulu da tsumma mai laushi yake fita. Kumfar da ake lulluɓe mota da ita tana jiƙa datti ne kawai. Goge fenti, shafa masa man ƙyalli da tsabtace kujeru duk aikin hannu ne.

Haɗarinsa

Kawunan feshin suna da launi: ja yana fitar da ruwa a tsaye kamar allura, ba a kusantar mota da shi, kore da fari suna baza ruwan, su ne suka dace, baƙi na sabulu ne. Ya kamata a bar tazarar aƙalla ƙafa ɗaya. Kusantowa fiye da haka na iya ɓare fentin da aka sake fesawa, ya yaga robar ƙofa, ya raunana gefen taya. Feshi cikin bonet yana tura ruwa cikin wayoyi da kwamfutar mota, gyaran da kan fi kuɗin injin kansa. Ruwan yana iya huda fatar mutum, kuma irin wannan rauni na asibiti ne ko da ya yi kama da ƙarami. Shi ma injin yakan lalace idan aka kunna shi babu ruwa, ko ya zuƙi yashin rijiya babu matata.

Lissafin kuɗi

Tun da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayun 2023, kuɗin tafiyar da inji mai fetur ya ninka. Mai lantarki ya fi sauƙi, amma inda wuta ba ta tsayawa, shi ma janareta yake jira.

Ga mai sana'a da ke da tanki ko rijiyar burtsatse, kuma motoci na shigo masa kullum, injin yana mayar da kuɗinsa ta hanyar rage lokaci da ruwa. Ga mai mota ɗaya da ke wanki sau ɗaya a mako, bokiti biyu, ɗaya na sabulu ɗaya na ɗauraya, sun ishe shi. Matashin da ya ci bashi ya sayi inji kafin ya tabbatar da ruwa da masu kawo mota kuwa, ya sayi kaya ne, bai kafa sana'a ba tukuna.