Daga Samaru Zuwa Kadawa: Wasan Da Unguwa Ke Yi Wa Kanta

Yau na ɗan jingine labarin soyayya, zan taɓo tarihin wasan kwaikwayon da ba a sayen tikiti kafin a kalle shi.

Da yawanmu in an ce wasan Hausa, sai hankalinmu ya tafi kan Turmin Danya, fim ɗin da ƙungiyar Tumbin Giwa ta fitar a Kano a 1990. Alhali tun kafin zuwan kyamara Bahaushe na da tashe. Daga goma ga azumi yara ke bi gida-gida suna kwaikwayon marowaci da makwaɗaici, a birnin Kano kuma Nalako ya fito farautar gwagware. Ana dariya, amma kowa ya san da wa ake.

A 1975 aka fara koyar da wasan kwaikwayo a Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya. Cikin malaman akwai wani Bature, Michael Etherton, wanda ya taɓa irin wannan aiki a Zambiya. Shi da abokan aikinsa suka ga babu amfanin a kulle wasa cikin jami'a. A 1977 ɗalibai suka kai Wasan Manoma garin Soba, lokacin da gwamnatin Obasanjo ke ta yekuwar a koma gona. Daga baya suka juyo kan maƙwabciyarsu, Samaru.

Ita Samaru gari ne na waɗanda neman abinci ya tara: leburori, masinjoji, masu dafa wa malamai abinci, 'yan tireda, kowa da yarensa. Ɗalibai kan shiga lungu-lungu su ji kukan jama'a, na ruwan sha ne ko na shara da kwata, su mayar da shi wasa, su dawo su yi a bakin titi. In an gama sai a buɗe muhawara. A nan ake gane cewa ciwon ɗan gari da na baƙo ɗaya ne.

Sai dai malaman da kansu sun hango giɓi: ɗalibi ya yi wasa ya ci makinsa ya tafi, kwata na nan inda take. Shi ya sa daga baya aka koma zama da mutanen wuri, su tsara labarinsu, su hau fage da kansu. Mai ɗaki ai shi ya san inda yake masa yoyo.

Abin da ya sa na tono wannan tarihi shi ne yankinmu na Kadawa. Tun da aka kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, ruwa ya biyo hanyoyin da aka haƙa zuwa ƙasar Kura da Bunkure. Aka baje gonakin gado, aka sake rabo. Kura da aka sani da marina ta koma garin shinkafa. 'Yan ci-rani suka zo tsinkar tumatir, wasu ba su koma ba, har sun aurar da 'ya'ya a nan. To jikansu ɗan ina ne? Wa ke da haƙƙin ruwa in ya yi ƙaranci, na bakin kwalbati ko na can ƙarshe? A 2016 tsutsa ta cinye tumatir, ba ta tambayi asalin kowa ba.

Waɗannan maganganu ne da in aka yi su gatse-gatse sai a ɗauko gora, amma in yaro ya ɗaura gemun auduga ya faɗe su, dattawa na dariya suna saurare. Mu marubuta littafinmu sai mai kuɗin saye da iya karatu. Dandali kuwa na kowa ne. Ina kira ga samarinmu masu ƙungiyoyin dirama, kafin ku yi mafarkin Kannywood, ku fara yi wa ƙofar gidan mai unguwarku wasa ɗaya.

Allah Ya sa mu dace, amin.