Bordeaux: Tarihin Jar Giyar da Ake Harhaɗawa

A kudu maso yammacin Faransa akwai wani birni mai suna Bordeaux, wanda Faransawa ke furta shi Bordo. Sunan birnin shi ne kuma sunan wata jar giyar inabi da ta shahara a duniya. Hukuncin giya a Musulunci sananne ne, ba kuma shi na zo tattaunawa ba. Abin da ya ja hankalina shi ne yadda tarihin Turai na kusan shekara 900, da aurensa da yaƙinsa da cinikin bayinsa, ya taru cikin wannan sana'a guda.

Bari mu fara da ƙasar. Koguna biyu, Garonne da Dordogne, suna haɗuwa a arewacin birnin su zama Gironde, wanda ke kwarara cikin tekun Atlantika. A gaɓar hagu, wato Médoc da Graves, ƙasar tsakuwa ce mai riƙe zafin rana, ba ta kuma riƙe ruwa. A gaɓar dama, wajen Saint-Émilion da Pomerol, laka da farin dutse suka fi yawa. Inabin da ake kira Cabernet Sauvignon ba ya nuna da wuri, don haka ya fi son ɗumin tsakuwa. Shi kuwa Merlot yana riga shi nuna, yana kuma jure sanyin laka. Akwai Cabernet Franc da Petit Verdot da Malbec, waɗanda ake zubawa kaɗan-kaɗan.

To me ya sa ba a tsaya kan iri ɗaya ba? A ganina tsoro ne ya fara koya wa manoman wannan dabara, daɗin baki daga baya ya biyo. Yankin na bakin teku ne, ruwan sama na iya sauka ana dab da girbi ya ruɓar da 'ya'yan. Idan Cabernet bai kai ga nuna ba, an riga an tsinke Merlot. Idan sanyin bazara ya ƙone furen Merlot, Cabernet da ke makara wajen toho ya tsira. Kowane iri ana matse shi daban, ya tsima daban, sannan a ɗanɗana a auna, a harhaɗa, a ajiye a gangunan katako fiye da shekara guda. Cabernet ke ba da bauri da ƙarkon ajiya, Merlot ke ba da taushi.

Romawa ne suka fara noman inabi a nan, lokacin birnin na amsa sunan Burdigala. Amma kasuwa ta buɗe ne ta dalilin aure. A 1152 Eleanor, gimbiyar Aquitaine, ta auri Henry Plantagenet, wanda ya zama sarkin Ingila a 1154. Daga nan Bordeaux ta kasance ƙarƙashin sarakunan Ingila shekara 300, jirage na jigilar giyarta zuwa Landan da Bristol. Girman wannan ciniki ya kai har da yawan gangunan giyar da jirgi ke ɗauka ake auna girmansa, kuma daga sunan gangar aka samo kalmar tan da muke auna kaya da ita. Mulkin Ingila ya ƙare a 1453 bayan yaƙin Castillon, amma Ingilishi ba su daina saye ba.

Mai karatu zai yi mamaki idan ya ji cewa Médoc, inda gonaki mafi tsada suke a yau, yawancinsa fadama ce a wancan zamani. Injiniyoyin Holan ne suka haƙa magudanai a ƙarni na 17 suka tsane ruwan, tsakuwar ta fito fili, attajiran birni suka shiga sayen filaye.

Ina attajiran suka sami kuɗi? Nan ne tarihin ya taɓa Afirka. A ƙarni na 18 Bordeaux ta yi arziki da cinikin sukari da kofi daga tsibiran Karibiyan, musamman Saint-Domingue, wato Haiti ta yau, inda bayi ke noma. Bayan Nantes, ita ce tashar Faransa ta biyu a fataucin bayi: tafiye-tafiyen jirage kusan 500 suka tashi daga can zuwa gaɓar Afirka tsakanin 1672 da 1837. Kyawawan gine-ginen bakin kogin da 'yan yawon buɗe ido ke ɗauka hoto, da yawansu a wannan zamanin aka gina su. Birnin ya daɗe yana kau da kai daga wannan magana, sai a 2009 gidan tarihi na Musée d'Aquitaine ya buɗe ɗakuna na dindindin a kanta.

A 1855 Sarki Napoleon na Uku ya shirya baje kolin duniya a Paris, aka nemi dillalan Bordeaux su jera gidajen giya bisa daraja. Da farashi suka yi aiki, suka kasa jar giya mataki 5. Gidaje huɗu suka hau na farko: Lafite, Latour, Margaux da Haut-Brion. Babban sauyin da aka yi wa jerin shi ne na 1973, da aka ɗaga Mouton Rothschild zuwa matakin farko.

Ba a jima ba annoba ta faɗo. A shekarun 1860 wani ƙaramin ƙwaro mai suna filoksera ya shigo daga Amurka, yana cin saiwar inabi, ya halaka gonakin Faransa. Maganin da ya yi aiki shi ne aure, irin wanda ake yi wa mangwaro: a ɗora reshen inabin Faransa a kan gindin na Amurka, wanda ƙwaron bai iya kashewa. Ƙarancin giyar da ya biyo baya ne ya sa Turawan mulkin mallaka suka cika Aljeriya da gonakin inabi, har ƙasar Musulmi ta zama ɗaya daga cikin manyan masu fitar da giya a duniya. Wani iri mai suna Carmenère bai farfaɗo ba a Bordeaux, sai a 1994 aka gano shi a Chile, inda aka daɗe ana ɗaukarsa Merlot. Sanyi mai tsanani na 1956 kuma ya kashe Malbec da yawa, aka maye gurbinsa da Merlot, wanda ya fi kowane iri yawa a yankin yanzu.

Batun abinci ma yana da dalili. Baurin giyar daga ɓawon inabi da ƙwallonsa yake, sinadari ne dangin wanda ke cikin bagaruwar da majema ke aiki da ita. Kitse da nama na rage kaifinsa, shi ya sa mutanen yankin ke haɗa ta da gasasshen ɗan rago na Pauillac, ko tsokar sa da aka gasa da busassun rassan inabi, ko agwagwa, ko cuku mai tauri. Suna kuma dafa wani kifin kogi mai kama da maciji a cikinta.

Yau matsalar ta juye. Zafi ya ƙaru, Merlot na nuna da wuri fiye da kima, sukarinsa ya yi yawa. A 2021 hukuma ta amince a gwada sababbin iri 6, ciki har da Touriga Nacional na Fotugal. Su kansu Faransawa sun rage shan jar giya, har a 2023 aka fito da shirin biyan manoma su tumɓuke hekta dubbai. Manyan gidajen jerin 1855 na da sunan da zai riƙe su. Ƙananan manoma, waɗanda su ne mafi yawa, su ne ke tsaka mai wuya: ko su sake harhaɗa sabon iri kamar yadda kakanninsu suka yi bayan kowace masifa, ko su bar gonar.